Tabarmar Karta da Gilashin Waya: Abin da Na Gani a Kabo da Gwarzo

Wanda ya nufi Las Vegas, birnin caca na Amurka, tun kafin ya ɗaure kaya sai ya yanke shawarar inda zai sauka: tsohon gari ko sabon layi. Tsohon garin shi ne titin Fremont da kewayensa. Nan birnin ya tsiro a 1905, lokacin da kamfanin jirgin ƙasa ya yi gwanjon filaye a tsakiyar hamada, nan kuma gidajen caca suka fara buɗe ƙofa da rana tsaka bayan jihar Nevada ta halatta sana'ar a 1931. Sabon layin, wanda suke kira Strip, titi ne mai tsawon kusan kilomita 7 daga kudu, otal na bin otal, wasu da dubban ɗakuna, ga wutar lantarki da ba ta barin dare ya yi duhu. Mafi yawan titin ma ba a cikin iyakar birnin yake ba. Waɗanda suka fara gini a can, El Rancho a 1941 da Flamingo a 1946, sun fita bayan gari ne, inda fili ke da araha kuma hannun hukumar birni bai kai ba.

Mu ma Kanawa mun san irin wannan rabo, sai dai namu na ɓoye ne, ba a tallarsa. Tun da Turawa suka yanka Sabon Gari a 1913, duk mai son abin da ba a yi a gaban iyaye ya san ƙofar da zai bi ya fita daga Birni. Shari'a ta zo a 2000, aka kafa hukumar Hisbah a 2003, harkar ta ja da baya, ta sake shiri. A watan Oktoban 2024 Hisbah ta bi shagunan cacar ƙwallo a unguwannin Musulmi tana garƙamewa. Wata guda bayan haka, ranar 22 ga Nuwamba, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Legas ta shigar tun 2008: dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, Abuja kaɗai ta shafa, kowace jiha ta yi dokar gidanta. Duk wannan hayaniyar birni ce. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da ke nesa da Sabon Gari da kilomita 60 ko 70. Shi ina tsohon garinsa, ina sabon layinsa? Sai na rataya jaka na nufi yamma.

Kaka ce, hunturu ya fara leƙowa. Da gangan na zaɓi lokacin, domin ba a neman ɗan caca da bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa; ana nemansa ne bayan masara da waken suya sun zama kuɗi a aljihu. A tashar Rijiyar Zaki aka cusa mu cikin wata tsohuwar mota, huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Muka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, muka isa Janguza inda hanya ta rabu. Miƙaƙƙiyar ta tafi Rimin Gado da Garo da Gwarzo har Dayi a jihar Katsina, ta hagu kuma ta bi ta Durum zuwa Kabo da Ƙaraye. Muka karya hagu. Dama da hauni an yanke kan dawa, kara na tsaye, amalanke na tafe da dammuna.

Sunan Kabo ya fi garin Kabo yawo. Marigayi Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, shi ya rubuta shi a jikin jiragen sama tun farkon shekarun 1980, har alhazan da ba su taɓa taka ƙasar nan ba suka sauka Jidda a cikin Kabo Air. Garin kansa kuwa na manoma ne, na damina da na rani a bakin madatsun ruwa irin na Guzuguzu. Na zauna a teburin wani mai shayi, na sa aka haɗa mini kauri, bayan mun gaisa na kawo maganar da ta kawo ni.

"Caca? A nan?" in ji shi, yana shekar shayi daga kofi zuwa kofi. "Malam, ai ka wuce wurin. Ka koma Sabon Gari."

Bai yi mini ƙarya ba. Na zaga bakin titi, na leƙa wajen kasuwa, ban ga allo ko ɗaya mai tallar caca ba, ban ga shago mai kwamfuta da samari sun yi layi ba. Wanda ya zo da biro da takarda don ya ƙirga gidajen caca zai koma ya rubuta cewa babu, kuma rahotonsa zai yi daidai. Yawancin mutanen garin ma babu ruwansu da harkar, suna ƙyamarta har zuci, wannan kuwa ya kamata a faɗa tun da wuri.

Amma kusa da mai shayin akwai rumfar cajin waya, janareta na ta ƙugi a bayanta, wayoyi sun kai hamsin jere a kan katako, kowace da lamba a manne. Da la'asar ta yi samari suka fara dawowa daga gona da bakin dam suna karɓar nasu. Ranar Asabar ce, an rubuta wasannin Firimiyar Ingila da alli a allon gidan kallo. Na lura da wani saurayi, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, ƙafarsa duk busasshen taɓo, ya karɓi wayarsa bai ko duba kiran da ya rasa ba, ya zarce wani shafi mai launin kore da ja. Na matsa na yi masa sallama.

"Ɗan'uwa, na ga kamar kana haɗa tikiti."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yallaɓai, Hisbah ne?"

Na ce ɗan jarida ne, ba kuma zan rubuta sunansa ba. Ya yi dariya, ya matsa mini a benci, ya miƙo wayar. Gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, an ɗaure murfin da roba. A ciki ga wasanni goma jere: na Ingila, na Sifaniya, na Italiya, har da wata ƙungiya ta Turkiyya da ya kasa furta sunanta. Gaban kowane wasa akwai 'yar lamba, 1.85, 1.92, 2.10. A can ƙasa an rubuta abin da ya zuba, naira 100, kusa da shi kuma da manyan baƙaƙe abin da zai ci idan duka goman suka shiga, dubu sittin da wani abu. Yana nuna mini yana bayani da ƙwarewa: wannan ƙungiya ba ta cin wasa a waje, wannan mai tsaron gidanta ya ji rauni, wannan kocinta sabo ne. Ya san waɗannan abubuwa fiye da yadda ni na san ministocin ƙasata.

"Ka taɓa ci?"

"Saura ƙiris, yallaɓai. Makon jiya tara suka shiga, wasa ɗaya ne ya yanke ni. A minti na casa'in fa!"

"Ba ka jin tsoron caca?"

Fuskarsa ta sauya, na ga ran nasa ya ɓaci da gaske. "Ni ba ɗan caca ba ne. Caca ai karta ce, ta 'yan iska. Wannan lissafi ne, sai wanda ya san ƙwallo."

Tunda ya kawo maganar lissafi, bari mu yi shi. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, babu kunnen doki, kowace tana da rabin damar ci. Adalci shi ne wanda ya zuba naira 100 ya dace a ba shi 200. Kamfani ba ya ba da 200, sai ya rubuta 1.90, wato naira 190. A wasa ɗaya ragin bai taka kara ya karya ba, kashi 5 cikin 100 ne. Amma idan aka haɗa irin waɗannan wasanni 10 a tikiti guda, damar su shiga duka ita ce 1 cikin 1,024. Da adalci za a bi, naira 100 za ta kawo 102,400. Abin da tikitin zai nuna kuwa kimanin 61,300 ne. Sauran dubu 41 sun tafi tun alƙalin wasa bai hura usur ba. Idan aka tara duk masu irin wannan tikiti, kowace naira 100 da suka zuba kimanin 60 ce ke komowa hannunsu. Kamfanonin kan ɗora ɗan ƙari da suke kira bonas don adadin ya yi kyan gani, amma ba su ɗora abin da zai cinye ribarsu. Kuma tara cikin goma da ke sa yaro ya ce saura ƙiris, a wurin kamfani daidai take da sifili cikin goma, illa dai ta fi ta amfani, don ita ce ke dawo da shi mako mai zuwa.

Na yi masa wannan bayani a taƙaice. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Haka ne, yallaɓai. To amma naira ɗari me za ta saya mini yanzu? Ko ƙullin sukari ba ta isa ba." Wannan amsa ta fi ƙarfin lissafina, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 naira ɗari ta zama abin da ake bai wa yaro ya yi fushi. Abin da ba ta saya a kanti tana sayensa a waya: awa biyu na bugun zuciya da mafarkin sabon babur.

Wani abokinsa ya sa baki ya ce shi ya daina jiran Asabar, akwai wasan da kwamfuta ke bugawa da kanta, bacuwal suke ce masa, ana gamawa cikin 'yan mintuna, a sake sabo, dare da rana. A nan babu ko maganar sanin ƙwallo, tunda 'yan wasan ma zane ne. Shi wannan bai yi dariya ba da yake magana. Ya ce kuɗin buhun masara guda ya bi ta nan a dare ɗaya, a ɗakinsa, matarsa na barci a gefe.

Washegari ɗan acaɓa ya yanka da ni ta cikin gonaki zuwa Garo, na tari motar Gwarzo. Gwarzo ta fi Kabo hayaniya, gari ne na kan hanya, manyan motoci na ratsawa zuwa Malumfashi da Funtuwa, ga 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi masu bin kasuwannin yankin irin ta Getso. A nan aka haɗa ni da wani dattijo mai sayar da igiya da buhunan hatsi, wanda kowa ya san a ƙuruciyarsa ya yi caca, kowa kuma ya san ya tuba tun da daɗewa. Na tsuguna na gaishe shi, ya nuna mini buhu na zauna.

"Baba, an ce ka san tsohuwar harka."

"Ɗan nan, ai ni ne tsohuwar harkar," in ji shi. "Allah dai ya yafe mana."

Ya yi ta ba ni labari har azahar, yana yi yana tufkar igiya a cinya. A zamaninsu caca tana da wuri kuma tana da lokaci. Ranar kasuwa ake yi, bayan la'asar, idan masu hatsi da masu awaki sun ƙulle kuɗinsu a lalita. Akwai wani kango a bayan kasuwa, ko gindin wata bishiya da mutanen kirki ba su bi ta nan. A shimfiɗa tabarma, a fito da karta, idan duhu ya yi a kunna a-ci-balbal. Ya ce ya tarar da tsofaffin da suka yi cacar wuri, a watsa a ƙirga waɗanda suka kife da waɗanda suka buɗe, amma a lokacinsa karta ta riga ta kore shi. Mai tabarma ba ya wasa, nasa kawai ya cire la'ada a kowane zagaye, a gaban kowa. Akwai yaro a bakin hanya, aikinsa ya yi fito idan ya hango 'yan doka.

"Kana kallon wanda ya cinye ka ido da ido," in ji shi. "Ka san gidansu, ka san ubansa. Idan ya yi maka coge ka kama hannunsa. Idan ya tsiyata ka ƙarƙaf, dole ya ba ka na mota, in ba haka ba gobe babu mai zama da shi."

Kada mai karatu ya ɗauka ina yabon tabarma. Dattijon nan da bakinsa ya lissafa mini abin da ta ci: keke, rediyo, babbar riga da ya ara don zuwa biki, tunkiyar mahaifiyarsa, da aurensa na fari. Ya ce ya ga an zare wuƙa a kan sule biyu. Amma ya faɗi wani abu da na yi ta juyawa. Kafin mutum ya isa tabarmar nan sai ya ratsa kasuwa, sai mai goro ya gan shi, sai mahauci ya gan shi, kafin magariba labari ya kai gidan surukai. Ba a bai wa ɗan caca 'ya, ba a ba shi ajiya, shaidarsa ba ta da nauyi a gaban alƙali. Wannan tafiya ta taku ɗari biyu a idon jama'a ita ce ta hana mutane da yawa, ba sandar ɗan doka ba.

Na tambaye shi ko su ma suna da nasu wurin ƙyale-ƙyale.

"Sabon Gari mana! Idan ka yi babban ci, sai ka hau mota ka tafi Kano ka ga duniya."

A can ya fara ganin kalo-kalo, na'urar da ake jefa wa kwabo a ja hannu, kafin gwamnatin soja ta Obasanjo ta haramta ta a 1977. A can kuma ya ga masu cike takardar ful, suna zaɓen lambobin wasannin Ingila da za su tashi kunnen doki, wanda shi ne kakan abin da yaran Kabo ke yi yau. Ya ce wuta ja da shuɗiya, kiɗa har asuba, kuma bai taɓa dawowa Gwarzo da ko sisin abin da ya tafi da shi ba. Da Shari'a ta zo, daga Zamfara a farkon 2000 har ta iso Kano, wasu abokan tsohuwar harkarsa da ba su tuba ba suka riƙa tsallaka iyaka zuwa ƙasar Maraɗi, inda gwamnatin Nijar ke da kamfanin cacarta, LONANI, da rumfunan masu zuba kuɗi a kan sukuwar dawakin Faransa. Haka harkar take a ko'ina: a toshe ta a gari, ta koma bayan iyaka. A Afirka ta Kudu ma, lokacin da caca take haramun, Sol Kerzner ya gina wurin caca na Sun City a 1979 a yankin Bophuthatswana, tafiyar awa biyu daga Johannesburg, inda dokar ba ta aiki.

  

Wani abu da masu zuwa Las Vegas suka daɗe da ganewa ya dace da labarin dattijon nan. Tsohon gari ya fi sauƙin zubi, kuma sau da yawa ya fi sassauci ga mai wasa; sabon layi kuwa kuɗin fitilunsa daga aljihun baƙo suke fita. A faifan nan mai juyawa da ake jefa wa ɗan ƙwallo, irin na Turai ramuka 37 gare shi, gida na cin kashi 2.7 cikin 100. Na Amurka an ƙara masa rami ɗaya, 38, cin gida ya haura kashi 5. A 'yan shekarun nan wasu manyan otal-otal na Strip sun ƙara rami na 39, cin gida ya kusa kashi 8, ladan wanda ya dace kuwa bai ƙaru da ko kwabo ba, yana nan ninki 35. Duk da haka can jama'a suka fi tururuwa, har sai da masu gidajen Fremont suka haɗa kuɗi suka rufa wa titinsu rumfar fitilu a 1995 don su janyo baƙi. A Macau ma haka: tsohon gidan cacar Lisboa na Stanley Ho yana cikin gari tun 1970, amma bayan an karya babakeren da yake yi a harkar a 2002 aka buɗe otal ɗin Venetian a 2007 a Cotai, inda aka cike teku da ƙasa, kasuwa ta karkata can. To ka ɗauki kashi 8 na otal mafi tsada a Las Vegas ka ajiye kusa da kashi 40 na tikitin yaron Kabo. Attajirin da ya hau jirgi ya je Nevada ya fi ɗan noman ranin Guzuguzu samun rangwame, kuma shi ana ba shi ɗaki da abin sha.

Akwai kuma maganar inda kuɗin ke tafiya. Na tabarma, duk sharrinsu, a gari suke kwana: wanda ya ci zai sayi tsire, ya ɗinka riga, ya biya mai shayi. Na waya suna barin Gwarzo cikin daƙiƙa ɗaya. Manyan kamfanonin, irin su Bet9ja da aka buɗe a 2013, da BetKing da SportyBet, ba a Kano suke da mazauni ba, ba kuma Kano suke biya haraji ba, tunda Kano ba ta ba su lasisi. Jihar da ta haramta abin tana biyan kuɗinsa, ba ta ganin ko inuwar ribarsa.

Bayan sallar la'asar na tsaya da wani malamin Islamiyya a ƙofar masallaci. Na ce, "Allah gafarta Malam, ana wa'azi a kan wannan kuwa?"

Ya ce ana yi, a huɗuba ma ana yi, hukuncin ba ɓoyayye ba ne, yana cikin Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90 da 91, yaran kuma da yawansu sun haddace ayoyin a gabansa. Abin da ya fi damunsa shi ne bai san da wa yake magana ba. Dā idan liman ya taɓo caca, kowa ya san mutum uku ko huɗun da ake nufi, su ma sun sani, sukan sunkuyar da kai. Yanzu yana duban sahu bai san ko rabinsa ne ba, ko babu kowa. Ya ce iyaye na kawo masa ƙarar yaro ya sayar da taki ko ya taɓa kuɗin adashin uwarsa, sai an matsa sannan a gano inda kuɗin suka shiga. Yaron ba ya yawon dare, ba ya shaye-shaye, sallarsa ba ta wuce shi.

Hisbah na da ofis a ƙananan hukumomin jihar 44, kuma rufe shago abu ne da ta iya: ga ƙofa, ga kwaɗo, ga mai shago a kai shi gaban hukuma. A ganina rufewar ta yi amfani, ko ba komai ta raba ƙananan yara da wurin koyo. Amma shagon dama tsani ne kawai, na wanda ba shi da babbar waya ko asusun banki. Hukuncin Kotun Ƙoli ya ba Kano cikakken iko a kan ƙasarta, sai dai shafin da yaron Kabo ke buɗewa ba a ƙasar Kano yake zaune ba. Amurka ta riga mu shiga wannan: a 2018 kotun ƙolinsu ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana cacar wasanni, ta bar wa jihohi, cikin 'yan shekaru harkar ta koma waya a jihohi da dama. Su aƙalla kamfanoninsu na duba inda wayar take kafin su karɓi zubi, idan jihar ta hana sai shafin ya ƙi aiki. Ita wayar da na riƙe a Kabo ba ta tambayi kowa inda yake ba.

Mutum na ƙarshe da na zauna da shi mai POS ne a kusa da tasha, cikin 'yar rumfar ƙarfe mai fenti. Ya ce kafin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, yawancin samarin ƙauyukan nan ba su da asusu. Wahalar canjin kuɗi ce ta tilasta wa kowa buɗewa a waya, har mai sayar da rake. Daga nan hanya ta buɗe: kuɗin da dā sai an je gari an miƙa wa mai shago, yanzu daga kan gado ake tura su.

"Kana gane masu yi?"

"Oga, tun daga nesa. Asabar da Lahadi, daga azahar. Ɗari biyu, ɗari biyar, a sa mini a asusu. Mutum ɗaya ya dawo sau uku kafin isha. Wanda zai tura wa mahaifiyarsa kuɗi ba ya dawowa sau uku."

"Masu zuwa cire abin da suka ci fa?"

Ya yi murmushi. Ya ce akwai, jefi-jefi, kuma duk garin sai ya ji. Wanda ya ci dubu tamanin zai zo da abokai biyar su raka shi, a yi ta shewa. Waɗanda aka cinye kuwa ɗai-ɗai suke zuwa, ba su ko son a haɗa ido.

Na tambaye shi ko ya taɓa ƙin karɓa. Ya ce ya gwada, bayan wani wa'azi da ya taɓa masa zuciya. Duk wanda ya zarga sai ya ce masa babu sabis. Sati biyu ya yi a haka, cinikinsa na ƙarshen mako ya faɗi, yaran suka koma rumfar da ke tsallaken titi, wasu ma suka daina gaishe shi. Ya je ya tambayi malaminsa, malamin ya ce idan ya tabbatar kuɗin na caca ne kada ya tura, idan zato ne kawai ba a hukunci da zato. Yanzu abin da yake yi shi ne ba ya tura kuɗi kai tsaye zuwa kamfanin caca, ko nawa za a ba shi. Idan kuwa mutum ya ce a sa masa a asusunsa na kansa, yana sawa, ya karɓi cajinsa.

Muna cikin magana wani yaro ya tsaya da keke, buhun taki rabi a ɗaure a baya, ya miƙo naira ɗari biyar duk ta yamutse.

"Yaya, a sa mini. Yi sauri, saura minti goma a fara."